Ranar da Goge Ya Yi Kuka Ba Wanda Ya Taɓa Shi

Na manta abubuwa da yawa na zaman da na yi a Jidda, har sunayen wasu maƙwabta sun ɓace mini, amma yammacin wata Alhamis guda ɗaya kam, da shi za a kai ni kushewa. Na yi aure tuntuni, na haihu, amma ko yanzu da nake wannan rubutu ina ganin ranar kamar jiya.

Ina tsaye a bakin famfo ina ɗauraye kofunan shayi, sai wani sauti ya ratso ta ƙarƙashin ƙofar kicin. Siriri ne, mai ja, kamar sauro a bakin kunne, can kuma sai ya yi kauri ya rabu biyu. Kofin da ke hannuna ya suɓuce ya nutse cikin kumfa. Na kasa kunne.

Na ce, "Goggo, kin ji?"

Goggona ƙanwar mahaifina ce, ita ta kawo ni aikin. Tana yanka lemon tsami, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na ji me?"

"Goge."

"Goge? A Jidda? A gidan Turawa?" Ta ja tsaki. "Ke dai wanke kofi. Wata ƙofa ce take neman mai."

Bari in faɗa muku abin da ya haɗa ni da goge, don kada ku ɗauka hauka ce kawai. Kakata ta wajen uwa 'yar bori ce a wani ƙauye a ƙasar Katsina. An ce Sarkin Rafi ne a kanta, in aka goga mata takensa sai ta yi sama ta faɗo da mazaunai ba ta ji komai ba. Ban taso na same ta ba, amma dangin ubana ba su bari na manta da ita ba. Ina 'yar shekara bakwai aka yi wani biki a unguwarmu, masu goge suka zo, na kutsa cikin yara ina kallo. Abin da na sani kawai jikina ya ɗauki rawa, sai farkawa na yi a kafaɗar Baba yana sauri da ni gida. Innata ta rantse zazzaɓi ne, wai tun safe jikina da zafi. Ba wanda ya saurare ta. Washegari aka ɗaura mini laya a damtse, aka kafa mini doka: duk inda na ji goge in toshe kunne in bar wurin, domin abin a jini yake, jira kawai yake a kira shi. Ko a rediyo aka sako, ƙannena rige-rigen murɗe tasha suke yi. Na yi sakandare na gama, na karanta kimiyya har na ci, amma layar nan tana damtsena, fatarta ta yi baƙi ƙirin.

Da na gama makaranta na je Umra, na zauna wurin Goggo a unguwar Kurayyat ban koma ba. Ita ta fi shekara ashirin a ƙasar, tana da kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mata, tana da iƙama, takardar izinin zama. Ni kuwa ko yagaggiyar takarda ba ni da ita. A watannin nan ma ana ta labarin wata 'yar ƙasarmu da ta faɗi a kasuwa tana ihu, jama'a suka taru, aka sami layu a jikinta, aka ce sihiri ne. Gaskiya ko ƙarya ban sani ba, amma ba wanda ya ce ya sake ganinta. Abu ɗaya ne ke kwantar mini da hankali a garin: na ce nan dai ba mai kaɗa goge.

Wurin da muka je ranar, irin unguwannin nan ne na baƙi da ke arewacin gari, masu doguwar katanga, da sojoji a ƙofa. Goggo na yi wa masu dafa abincin taro aiki, ranar kuma hannu ya yi musu kaɗan, ta ce in bi ta. A bayan motar abinci muka shiga, tsakanin tukwane. Sojojin sun san direban, ƙarƙashin motar kawai suka leƙa da madubi suka ɗaga ƙarfe. Tun a hanya Goggo ta ja mini kunne. "Ki zama kujera. Ba a tambayar kujera iƙama."

To, kujerar ce tana wanke kofi ta ji goge.

Ban gama tsamo kofin ba mudirin wurin ya faɗo kicin, wato manajan, wani Balarabe mai ƙaton ciki da rediyon hannu. Wai yarinyar da ke tsayawa a teburin shayi ba ta zo ba, wa ke jin Turanci a nan? Duk matan kicin suka juyo suka dube ni, domin tun safe Goggo take cika musu baki da bokona. Kafin in buɗe baki an rataya mini farin kyalle a gaba. "Yalla, yalla!" Na waiga wurin Goggo. Ta zare mini ido. Ƙin zuwa ma jawo tambaya ne.

Aka tsayar da ni a ƙarshen wani babban zaure mai sanyi kamar cikin firij. Turawa sun cika kujeru, mata ba abaya, yara na ta tsalle-tsalle. Na ɗaga ido wajen dandamali, sai kaina ya ƙulle. Mutum uku ne, mata biyu da namiji ɗaya, kuma ba Turawa ba ne. Da farko na ɗauka 'yan Indunusiya ne irin waɗanda muke gani a Harami. Matan na sanye da baƙaƙen riguna masu kauri har ƙasa, an yi musu surfanin furanni ja da kore, da farar riga a ciki, da wani faffaɗan abin azurfa a ƙirji mai 'yan lilo. Namijin kuwa wandonsa iya gwiwa, da farar safa doguwa, kamar ɗan makarantar firamare da ya tsufa a aji. Ana wannan zafin na Jidda! Kowannensu na riƙe da goge, amma ba na ƙwarya da fatar guza irin namu ba. Na katako ne mai sheƙi, an zane jikinsa da baƙaƙen furanni kamar lalle, a can ƙarshen wuyansa kuma an sassaƙa kan wata dabba da haƙora a waje.

Wani dogon dattijon Bature ya tashi ya gabatar da su. Ya ce baƙin nan daga Japan suke, suna zagaya ƙasashe ne don su sanar da duniya kiɗan ƙauyukan ƙasarsa, Norway. Aka tafa. Ni kuwa na tsaya ina lissafi da ɗan abin da na sani. Japan dai mota da rediyo. Norway kuwa busasshen kifin nan mai tauri kamar icce da ake sayarwa a Sabon Gari, sai kuma abin da malaminmu na labarin ƙasa ya faɗa, cewa akwai lokacin da rana ba ta faɗuwa a can, har muka tambaye shi yadda suke shan ruwa da azumi. Me ya haɗa mai mota da mai kifi? Me ya kawo su ƙasar Larabawa? Kuma duk kayan kiɗan duniya, don me sai goge?

Babbar cikin matan, wadda gashinta ya fara furfura, ta matso ta soma bayani. Turancinta a hankali yake, irin na makaranta, ba kalmar da ta wuce ni. Da ma ban ji ba. Ta ce mutanen zamanin da a can Norway sun yi imani gwanayen wannan goge ba wurin mutum suke koyo ba. Wai akwai wani aljani da ke zaune a ƙarƙashin ruwa, inda rafi ke zubowa daga kan dutse, sai ka kai masa nama mai kitse, shi kuma ya kama yatsunka ya koya maka. Ta ce malaman addininsu sun daɗe suna ƙyamar abin, har wasu makaɗa suka ƙone nasu. Ta ce akwai waɗansu take da in aka soma su, masu rawa ba sa iya tsayawa, shi ma makaɗin ba ya iya dainawa, sai an fizge gogen daga hannunsa.

Turawa suka kwashe da dariya. Ni kuwa na soma jero su a raina. Aljanin rafi. Yanka. Take. Rawar da ba a iya tsayarwa. Wannan ai ba sai an fassara mini ba, a gidanmu aka haife shi. Na ce a raina, ashe Sarkin Rafi har can ya je? Ko kuwa daga can ya zo mana? Ashe ya bi ta Japan ne ya biyo ni inda na ɓuya?

Ta ɗora izga a kan tsirkiya. Mutum ɗaya ce ta fara, amma sai ka rantse mutum uku ne, domin bayan sautin da take ja akwai wani a ƙarƙashinsa yana bin sa kamar inuwa. Ga shi tana buga ƙafa a dandamali, dum, dum-dum, bugun ma ba daidai yake ba, kamar mai ɗingishi. Sauran biyun suka shigo. Na soma karanta Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya na ɓata, na koma farko. Wata Baturiya ta miƙo mini kofi, na zuba mata shayi a kan faranti. Sai na ji wani abu a ƙasa. Na duba. Ƙafata ta dama ce take bugawa, dum, dum-dum, daidai da ta matar. Ban sa ta ba.

Abin da ya zo mini shi ne matar kasuwar nan. Na ga kaina a ƙasa ina birgima a gaban Turawa, an kira likita, an naɗe hannun rigata, ga laya, ina iƙama? Na dire butar. Ƙofar kicin na can ɗaya gefen, sai na ratsa gaban jama'a kafin in kai. Kusa da ni kuwa akwai wani siririn lungu. Na bi shi da gudu, na tura ƙofar farko da na samu, na shige, na murɗa makulli.

Da na san ɗakin da na shiga, da gaban jama'ar na ratsa. Ɗakin makaɗan ne, bango ɗaya ya raba shi da dandamali. Ga jakunkunansu, ga takalmansu a jere, ga fasfo uku cikin wata leda a kan tebur. Kusa da fasfon kuma ga akwati a buɗe, da wani gogen kwance a ciki, kan dabbar nan yana kallona.

Na jingina da ƙofa ina haki. Kiɗan na ratso bango. Sai na lura akwai wani sautin da ba daga bango yake zuwa ba. A cikin ɗakin yake. Na matsa taku ɗaya, na kasa kunne. Wallahi gogen da ke kan tebur ne yake kuka, a hankali, shi kaɗai, ba hannu ba izga. In na waje suka hau, ya hau. In suka sauka, ya sauka.

Ban san lokacin da na zube a lungu ba. Na yagi takardar goge hannu na cusa a kunnuwa, na damƙe layata ta cikin riga. Fita ba dama, kiɗa na waje. Zama ba dama, ga abin a ciki. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba.

Bugun ƙofa ne ya dawo da ni. Ashe an tafi hutun rabin lokaci, kuma gogen da na kulle kaina da shi, shi za su kaɗa a kashi na biyu. Aka murɗa hannun ƙofa, aka ƙwanƙwasa da ladabi, aka yi magana da wani yare. Can sai muryar mudir, yana dukan ƙofar da tafin hannu yana cewa a buɗe. Na ji kalmar ɓarauniya da Larabci, na ji fasfo, na ji askar, wato sojojin ƙofa. Abin da ya ƙara ruɗa ni, duk lokacin da ya daka tsawa, sai gogen ya amsa masa da wani ɗan siririn kuka.

Sai ga muryar Goggo a ramin makulli. "Ke! Ke 'yar nan! Buɗe, don girman Allah."

"Goggo, ba zan iya tashi ba. Yana magana."

"Wa ke magana? Ke da wa a ciki?"

"Gogen."

Ta yi salati. "Yau na ga boko! Shekara shida ana kai ki sakandare, katako ya tsare ki a ɗaki? Mutumin nan fa ya ɗaga rediyonsa!"

Aka yi 'yar hayaniya, ta lafa. Wata murya ta yi magana daga ƙasa-ƙasa, alamar mai ita durƙusawa ta yi. Babbar matar ce. Ta ce ba wanda zai taɓa ni, ita kaɗai za ta shigo. Na cire takardar kunne ɗaya, na tattaro Turancina na ce ta fara gaya wa abinta ya yi shiru.

Na ji ta matso jikin ƙofar. Sannan ta ce, "Na kan tebur? Kuka yake yi?"

"E."

"Ki sami kyalle ki rufa masa a kan tsirkiyoyin."

Na kwance farin kyallen gabana, na tsaya daga nesa na wurga masa kamar mai kama kaza. Ɗif. Na buɗe ƙofar.

Ta shigo ta mayar da ƙofa ta rufe. 'Yar ƙarama ce, ko kafaɗata ba ta kai ba. Ko kallon fasfon ba ta yi ba. Ta yaye kyallen, ta ɗago gogen, ta ce in duba. Na duba da ido ɗaya. Tsirkiya huɗu ce a sama, waɗanda izga ke gogawa. A ƙarƙashinsu kuma ga wasu sirara a ɓoye, waɗanda ba abin da ke taɓa su. Ta ce aikinsu ke nan, in suka ji sauti irin nasu a kusa sai su kama rawa. Ta kai bakinta kusa ta ce "aaa", abin ya amsa. Ta ce kamar gilashin taga ne in babbar mota ta wuce. Abin haushi, mun yi wannan darasin a aji huɗu, har na zana shi a allo.

Na ce, "To aljanin ruwan fa?"

Ta fara murmushi, ta dubi fuskata, murmushin ya ɓace. Sai ta haɗa hannuwa a cinya ta sunkuya mini, sosai, har ina ganin tsakar kanta. Ta ce laifinta ne, ta ba da labari don a yi dariya, ba ta yi tunanin akwai wanda zai ji shi da gaske ba. Na rasa inda zan sa kaina. Sa'ar innata, baƙuwar da aka tafa wa, tana sunkuya wa mai wanke kofi. Ni ma sai na durƙusa. Ta ƙara sunkuyawa. Da ba a buga ƙofa ba, ban san inda za mu tsaya ba.

A waje mudir na jira, fuskar nan kamar hadari. Matar ta ƙirga masa fasfo uku a tafin hannunsa, ta nuna masa gogen lafiya lau. Bai ko kalla ba. Ya miƙo mini hannu. "Iƙama."

Goggo ta shiga tsakani, ta zuge jakarta. "Tana nan, ya mudir, tana nan." Ta fito da carbi, ta fito da man zafi, ta fito da makullin gida, ta mayar, ta sake fitowa da carbin. Ya gane. Ya ce ba zai tayar da hankalin baƙi ana tsakiyar taro ba, amma ya riga ya gaya wa ƙofa: in motar abinci ta zo fita, a sauke kowa a duba takardunsa. Ya nuna mana kicin da rediyon hannunsa. Ina tafiya na hango matar ta ja dogon dattijon nan gefe tana yi masa magana, shi kuma ya sunkuyo kamar raƙumi yana saurare.

A kan buhun albasa na zauna har aka gama kashi na biyu. Kiɗan na shigowa tar, amma wallahi ko ta kansa ban bi ba. Ƙofar waje kawai nake gani a idona. Goggo ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta ja ni bayan firij, ta naɗe hannun rigata, ta ɗauko wuƙar lemon tsami.

"Goggo, Baba ya ce ko wanka zan yi..."

"Yayana yana Katsina. In an kama ki ba takarda, tarhil ne, su tsare ki su sa ki a jirgi. In an kama ki da wannan, sai yadda Allah ya yi."

Ta yanke zaren, ta cusa layar can ƙasan kwandon shara, ƙarƙashin ɓawon kankana. Shekara goma sha huɗu tana jikina. Wurin ya yi fari, na ji iska na taɓa shi.

La'asar ta yi sanyi aka watse. Muna sa abaya sai ga ƙaramar cikin matan Japan ɗin ta leƙo kicin, ta nufo ni kai tsaye ta ɗora mini akwati a hannu. Na gane shi. Ta yi mini alama in biyo ta. Na dubi Goggo. Ita ma ba ta san abin da ake ciki ba, amma ta fi ni saurin lissafi. "Bi ta. Ki riƙe shi kamar ɗan da kika haifa."

Wata ƙaramar bas ce ta baƙi. Aka zaunar da ni a baya, akwatin a kan cinyata. Ku duba fa: ba laya, ba Goggo, ga goge a rungume. Duk ramin da taya ta faɗa sai in ji ya yi ɗan gurnani a cikina. A ƙofa wani soja ya hau, dattijon ya miƙa masa wata takarda, ya karanta, ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya dubi akwatin, ya dubi baƙar fuskata, ya kawar da kai. Mai ɗaukar kaya ce, me za a tambaye ta? Aka ɗaga ƙarfe.

Ko a nan hankalina bai kwanta ba, don ban san inda za a kai ni ba, kuma ban san abin da zai sami Goggo ba. Ana kiran magariba muka tsaya a wani otal wajen unguwar Ammariyya. Dattijon ya ce ya aika wa goggona sunan wurin, ya tafi. Sauran suka hau sama. Babbar matar ta zauna da ni a falon ƙasa, har yanzu cikin baƙar rigar nan mai zafi, ta miƙo mini wata koriyar alewa da na kasa gane ko zaƙi gare ta ko ɗaci.

Don in hana kaina kuka na tambaye ta abin da ke cina tun ɗazu. Na ce, ku ba ku da kiɗanku ne a Japan? Ta ce suna da shi, mai kyau ma. Amma tana ɗaliba ta shiga wani shagon faya-fayai a garinsu, ta ji an sa wannan, ba ta san na wace ƙasa ba ne, sai ta ga ƙafarta na bugawa. Ta yi ta bincike har ta je Norway. Wanda ya koya mata wani tsoho ne da ya yi ritaya daga aikin gidan waya, a kicin ɗinsa, kuma ba ta kai masa nama ba, shi ne ma ya yi ta ɗura mata dafaffen dankali. Yanzu tana da ɗalibai a ƙasarsu. Ta ce a can ana tambayarta me ya kai ta kiɗan wasu, a Norway ma ana tambayarta, kuma har yau ba ta da amsar da ke gamsar da kowa.

Na ce, "Ƙafarki ta buga, ba ki ji tsoro ba?"

Ta ce, "Don ƙafa aka yi shi."

Na so in gaya mata labarin kakata, amma Turancina bai kai nan ba. Muka zuba wa ƙofa ido.

Ana shirin kiran isha'i tasi ta tsaya, Goggo ta fito tana jan ƙafa. Na tashi na tare ta. Ta ce an sauke su duka a ƙofa, an duba takardun kowa ɗaya bayan ɗaya, har cikin tukwane an leƙa. Ba a sami kowa ba. Mudir ya ce kada ya sake ganina, maganar ta mutu a nan. Ta kama hannun matar da hannu biyu tana ta zuba mata godiya da Hausa, ita kuma tana ta sunkuyawa. Sannan ta juyo gare ni.

"Halas. Kin tsira. Share hawayen, mu tafi gida." Ta gyara mini mayafi, ta ƙara da cewa, "Amma ke kam an yi sakarya. Ga masu bindiga a ƙofa, kika tsere wa katako."

Har yau in aka tambaye ni ko kiɗa ne kawai ya motsa ƙafata ranar, ko wani abu ne, ba na rantsuwa. Na san darasin aji huɗu, na kuma san gidan da na fito. Abin da na tabbatar shi ne ban faɗi ba, ko da laya ko babu. Abin da ya kusa kai ni tarhil gudun da na yi ne. An ba ni tsoro tun ina ƙarama, na riƙe shi shekara da shekaru ban taɓa buɗe shi na ga abin da ke ciki ba, ranar da ya taso kuwa shi ya zaɓa mini ƙofa. Shi ya sa nake gaya wa 'ya'yana, in abu ya firgita ku, kafin ku zura da gudu ku tsaya ku dube shi ko da ido ɗaya ne, ku kuma dubi inda za ku faɗa.